Kantar kicin ɗin Yaya: yadda muka raba dutse, ƙarfe da katako bisa aikin girki

Ranar da Yaya ta kira ni in zo in duba mata kicin, abin da ta fara nuna mini wani zagaye ne a kan farin mabul, daidai faɗin gindin roba. Ba shi da launi. Sai ka karkata kai hasken taga ya faɗo a kansa, sannan ka ga wurin ya dushe, sheƙin ya tafi, in ka shafa kuma ka ji kaushi. Nan take ajiye robar da take jiƙa tsamiyar kunu duk azumi. Ta wanke da omo, ta dirje da soson ƙarfe, ta kwara tafasasshen ruwa, zagayen yana nan daram.

Kicin ɗin bai cika shekara biyu ba a lokacin. Gida ne a Kano da ake ɗora wa mutum goma sha ɗaya tukunya kullum, ban da baƙi da almajirai, ga shi kuma Yaya tana karɓar aikin biki: cincin, dubulan, alkaki, gireba, wani sa'in har dambun nama. Da aka gina gidan, an shimfiɗa farin mabul ne tun daga bakin ƙofa har ƙuryar kicin, a kan kabet na katakon MDF, wanda ake yi da garin itace da gam. Duk wanda ya leƙa a makon tarewa sai ya ce masha Allah.

Zagayen tsamiya shi ne ƙaramin ciwon. Gefen murhun gas manja ya shige cikin dutsen ya zauna, ja-ja, kamar an shafa lalle ya kama. Can gefe ga rawayar kurkum. A gaban wurin wanke-wanke kuwa, siririn dutsen da ya rage bayan an huda ramin sinki ya tsage gida biyu. Da na buɗe kabet ɗin ƙasa na danna da yatsa, katakon ya lotsa kamar jiƙaƙƙen burodi. Ruwa ya daɗe yana bi ta bakin sinki yana sauka, MDF ya sha ya kumbura ya saki, dutse ya rasa abin da zai zauna a kai. Dutse kuwa ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi.

Ban ga laifin mabul ba, har yanzu ma ban gani ba. Dutse ne mai kyau, ana haƙo shi a Karara ta Italiya tun zamanin Rumawa, mu ma muna da namu a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo. Amma asalinsa ɗaya da dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, kalsiyam kabonet ne, kuma duk abin da ke da tsami yana cinsa: tsamiya, lemon tsami, tumatir, zoɓo, nono mai tsami. Abin da Yaya ta yi ta dirza ba datti ba ne, fuskar dutsen ce ta narke. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, mai hawa daga 1 zuwa 10, mabul yana wajen 3, wuƙar kicin kuma ta haura 5, shi ya sa yankan albasa kaɗai ke barin zane a kansa. An ɗora shi ne a inda ba aikinsa ba.

Alhaji, mijin Yaya, ya riga ya yanke shawara kafin in zo: a ɓamɓare duka, a sa wanda ake yayi yanzu, dutsen haɗi da ake kira kwaz, tunda an ce ba ya shan tabo. Yaya kuma fari take so ko ta halin ƙaƙa. Na roƙe su arziki kada a sayi komai sai na yi kwana uku ina zama a kicin ɗin.

"Kai Auta, zaman me za ka yi a kicin kamar mai jiran ƙanzo?" in ji Yaya.

Na ce, "Yaya, so nake in ga inda kike sauke tukunya."

Kwana ukun nan su ne suka tsara duk aikin. Na ga tukunyar miya tana tashi daga wuta tana dira kai tsaye hannun dama na murhu, babu wani abin tara ta, sau biyar sau shida a wuni. Ba ganganci ba ne: mai riƙe da tafasasshiyar tukunya da tsumma ba ta da hannu na uku da za ta jawo faifai. Na ga gefen sinki ba ya bushewa tun daga wanke-wanken safe har na bayan isha'i, kuma nan ake wanke nama da kifi, nan ake jiƙa wake da tsamiya, nan ake tace zoɓo. Na ga in za ta murza kwaɓin cincin sai ta ɗaga kafaɗa tana ɗage, domin kantar ta yi mata tsawo, bayan awa ɗaya tana dafe ƙugu. Tuwo kuwa ba ta taɓa tuƙa shi a kan kantar ba. Babbar tukunya a kan kanta mai tsayin santimita 90, bakinta ya kai ƙirji, wa zai iya juya muciya a haka? Waje take fita da shi, kan kurfoti, ta zauna a 'yar tsugunno. Na kuma kama 'yar aikinta tana daka tafarnuwa da ƙaramin turmi daidai kan siririn dutsen nan na gaban sinki. Nan na gane abin da ya ƙarasa shi.

Kenan kanta ɗaya ce a ido, amma aiki huɗu take yi, kuma abin da wuta ke so ba shi ruwa ke so ba, abin da kwaɓi ke so ba shi wuƙa ke so ba.

Batun kwaz ya fi cin lokaci, don Alhaji ya ga samfurinsa ya kwanta masa a rai, kuma yana da hujja. Kwaz ba dutsen da aka yanko daga tsauni ba ne. Niƙaƙƙen dutsen ƙanƙara ne, wajen kashi 90 cikin ɗari, ake haɗawa da danƙon roba da launi a matse a injin, fasahar da kamfanin Breton na Italiya ya fito da ita. Ba shi da ramukan shan mai, tsamiya ba ta cinsa, launinsa bai-ɗaya ne. Matsalar tana cikin danƙon. Zafin da ya haura wajen digiri 150 a ma'aunin Salshiyos yana iya ƙona shi ya bar tabon da ba ya gogewa, gindin kaskon da aka gama suyar cincin kuwa ya kai haka har ya wuce. Rana ma tana sa farinsa ya koma ruwan ɗorawa, taga kuma a kicin ɗin Yaya yamma take kallo. Na ce wa Alhaji, in za a sa shi a teburin cin abinci ko wurin jera kofuna, ba ni da ja. A hannun daman murhun Yaya kam, wata shida ya yi yawa.

Akwai dalili na biyu da ya sa nake ɗari-ɗari da shi, wanda bai shafi mai gida ba, ya shafi mai yanka. Ƙurar kwaz kusan zallar silika ce, sinadarin da ke cikin yashi, in ta shiga huhu ba ta fita, tana jawo ciwon da likitoci ke kira silikosis, wanda ba shi da magani. A Ostareliya an yi ta samun samari masu yankan kanta da wannan ciwo har gwamnati ta sanar da haramta dutsen a ƙarshen 2023, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2024. Muna wannan muhawara ne a farkon 2024, kafin azumi, labarin yana sabo. Na san yadda ake yanka a wurinmu, da giranda a bushe, yaro ko ƙyalle bai ɗaura a hanci ba.

Maimakon gardama ta yi tsawo, na zaga wurin masu yankan dutse na roƙo guntaye. Ba sa hanawa, a ƙasa suke zube. Na kawo shida na jera a tire: mabul, kwaz, baƙin giranit iri biyu, wani mai haske kamar madara, da wani ruwan toka mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari. A kan kowanne Yaya da hannunta ta ɗiga manja, ta kifa rabin lemon tsami, ta zuba cokalin zoɓo, ta shafa kwaɓaɓɓen kurkum. Muka bar su suka kwana.

Da safe aka wanke. Mabul ya yi abin da muka sani. Kwaz ya fita tas, sai ɗan inuwar kurkum, wannan kam na ba Alhaji gaskiyarsa. Giranit mai haske, wanda Yaya ta ɗora wa ido, ya sha manja ya yi duhu a wurin, don irinsa ya fi ramuka. Baƙaƙen ba su sha komai ba, amma da na jiƙa farin ƙyalle da ruwan goge jan farce na murza, ɗaya ya bar baƙi a ƙyallen: rina shi aka yi don ya ƙara duhu, kuma rini yana koɗewa. Ɗayan na gaske ne, irin wanda ake shigowa da shi daga Indiya, ba shi da aibu ta fuskar ƙarfi. Abin da ya kayar da shi ƙura ce. Lokacin hunturu ne, kafin azahar har ana iya rubutu da yatsa a kansa, ruwan rijiyar burtsatsen gidan kuma in ya bushe yana barin farin zane da ake hangowa daga bakin ƙofa. Ruwan tokan mai ɗigo-ɗigo bai burge kowa ba a tire, amma shi kaɗai ne ƙura ba ta nuna a kansa, tsami bai taɓa shi ba, manjan ma da ƙyar ake ganin wurinsa. Sai na ɗora kasko a wuta ya yi zafi, na dire shi a kan guntun giranit ɗin, ba abin da ya same shi. Na dire a kan kwaz, ya bar zagaye ruwan ƙasa. Alhaji ya juya guntun a hannunsa ya ce, "To, Auta, yi yadda ka gani."

Giranit irin dutsen Kufena ne na Zariya da duwatsun Jos, narkakken dutse ne da ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa, taurinsa tsakanin 6 da 7. Giranit ɗin nan ruwan toka mai ɗigo-ɗigo muka ba ɓangaren wuta, tsawon mita 2.4, faɗin santimita 60, kauri santimita 3. A wannan kaurin kowace murabba'in mita tana da nauyin kusan kilo 80, wato falan nan kaɗai ya fi buhu biyu na siminti. Ban yarda a sake ɗora wannan nauyi a kan MDF ba. Muka sayo rodi a Ƙofar Ruwa, birkila ya tayar da ƙafafun bulo ya zuba dakalin kankare, kafinta ya zo daga baya ya maƙala ƙofofi da durowa kawai. Yanzu ko ruwa ya ɓalle, abin da zai lalace ƙofa ce, ba abin da ke ɗauke da dutse ba.

Ranar yanka ramin murhu na tsaya a kai. Mai yankan ya ja layi zai sa giranda ya fitar da kusurwa huɗu masu kaifi, kamar yadda ya saba. Na ce, "Malam, don Allah a fara huda kusurwoyin da abin huji tukuna, su fito a zagaye." Kusurwa mai kaifi nan tsaga take farawa, musamman inda zafi ke hawa yana sauka kullum, ko da a giranit ne. Ya yi ɗan gunaguni amma ya yi. Yaronsa, wanda bai wuce shekara goma sha bakwai ba, shi ke riƙe da injin, kafin a yi taku ɗaya gashin idonsa ya yi fari fat. Na tsayar da aikin, na sa aka jawo tiyo ana tsiyaya ruwa a bakin yankan, na aika aka sayo abin rufe hanci mai matata. Giranit bai kai kwaz silika ba, amma yana da ita, kuma yaron nan shekara nawa zai yi yana shaƙa? Aikin ya ƙara awa ɗaya, tsakar gida ta yi caɓi. Duk mai sa a yi masa kanta yana da ikon cewa a yanka da ruwa, kuma ina ganin hakki ne a kansa ya faɗa.

Ɓangaren ruwa muka ba ƙarfen silba, wanda masu walda ke kira sitenles, irin na kicin ɗin otal da asibiti. Yaya ta ƙi da farko, ta ce zai mayar mata da kicin kamar na mai sayar da abinci. Abin da ya shawo kanta shi ne da na nuna mata cewa sinki da kanta da jinginar bango duk falle ɗaya za su zama, an lanƙwasa an yi walda an goge, babu bakin da ruwa zai bi ya sauka. A nan sai an kula da lamba. Mai lamba 304 yana da kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, shi ke jure gishiri da jiƙa. Mai lamba 201 ya fi araha, an rage masa nikel, a ido ba ka bambance su, amma yana saurin fitar da ɗigon tsatsa. Mutane suna gwadawa da maganaɗisu, suna cewa in bai kama ba to mai kyau ne. Wannan gwaji ba ya raba 304 da 201, domin dukansu ba sa kamawa. Sai da na je da kaina na ga lambar a buge a jikin fallen kafin a yanka. Muka ɗauki mai kaurin milimita 1.2, aka manna shi a kan filawud mai jure ruwa don kada ya riƙa ƙara kamar ganga in an ajiye tukunya, aka ɗan karkata shi zuwa ramin sinki. A duk kicin ɗin nan ne kuɗi ya fi tafiya in aka auna da tsawo.

Inda abu biyu suka haɗu, nan kanta take mutuwa, shi ya sa na fi ɓata lokaci a kan mahaɗa fiye da zaɓen launi. Ƙarfen silba yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na giranit, in ka haɗe su da gam mai tauri, ɗaya zai ja ɗaya har gam ɗin ya fashe. Muka bar tsakani na milimita 3 aka cika da silikon, mai miƙewa ya dawo. Mahaɗar muka sa ta faɗo daidai kan ƙafar bulo, yadda kowane gefe yana da mazauni, kuma nesa da famfo fiye da rabin mita. Birkila ya sha awo, don kaurin ƙarfe da filawud bai kai na dutse ba, sai da ya ɗaga dakalin wancan gefen har fuskokin biyu suka zo daidai, tukunya ta zame daga wannan zuwa wancan ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

Farin mabul bai tafi bola ba. Cikin abin da aka ɓamɓare akwai falle mai lafiya fiye da mita ɗaya, kuma akwai aikin da ya fi kowane dutse dacewa da shi: santsi gare shi, da sanyi a hannu, kwaɓi mai bota ba ya saurin narkewa ko manne masa. Muka kai shi ƙuryar da ta fi nisa da wuta da sinki, aka gina masa nasa dakalin. Na sa Yaya ta tsaya ta lanƙwasa hannu na auna daga gwiwar hannunta zuwa ƙasa, muka tsayar da shi a santimita 80, ƙasa da sauran da santimita 10. Wannan 'yar matakala ta raba mu da wahalar haɗa fari da ruwan toka baki da baki, kuma ruwan miya ba ya gangarowa daga can sai an kawo shi da hannu. Fulawa da sukari da bota kaɗai ke hawa kansa. Ta samu farinta.

Tuwo da daka aka bar su inda suke. A barandar baya aka yi ɗan gajeren dakali na tarazo don kurfoti da babban murhun gas mai kai ɗaya, turmi kuma ƙasa, babba da ƙarami.

Kuskuren da aka yi a aikin nawa ne, kuma a katako ne. Na san ba za a kafa katako a matsayin kanta a Kano ba, inda iska ke bushewa ƙayau a hunturu ta cika da laima a damina. Amma giranit yana dakusar da wuƙa, dole a sami wurin yanka. Sai na sa aka bar gurbi a ƙarshen dutsen, kafinta ya yanko katakon maɗaci mai kauri ya zauna a ciki cif, ana cirewa a wanke. A watan Fabrairu aka yi shi, katakon yana bushe iyakar bushewa, ni kuma na nace ya shiga ba tare da ko tsinke ya sami hanya ba. Da Agusta ta zo ya sha laima ya kumbura ya cije a gurbin, ruwan nama yana taruwa a ƙarƙashi ba halin cirewa, har wari ya fara tashi. Garin ɓamɓaro shi aka ɓalli ɗan gefen dutsen. Kafinta ya rage milimita 5 a faɗinsa, tunda katako ta faɗi yake kumbura ba ta tsawo ba, aka cike ɓallin da gam mai launin toka. Ana ganin wurin in an duba.

Damina biyu ke nan. Giranit ɗin sau ɗaya aka shafa masa maganin toshe ramuka, Yaya kuma ta koyi gwajin da kanta: ta ɗiga ruwa ta bar shi 'yan mintuna, in wurin ya yi duhu lokacin sake shafawa ya yi. Ƙarfen silba ya cika da ƙananan zane, sheƙin farko ya tafi, wannan ba makawa. Sau ɗaya ya fitar da ɗigon tsatsa, da muka bincika ashe guntayen soson ƙarfe ne suka maƙale suka yi tsatsa a kansa, aka koma soson roba, aka kuma hana barin ruwan bilic ya kwana a sinki. Silikon ɗin mahaɗa ya yi baƙi, shi ne abin da ya fi saurin tsufa a duk kicin ɗin. Na kankare shi da reza na sake zuba sabo, aikin rabin awa, kuma da alama duk shekara sai an yi.

Zuwana na ƙarshe na tarar ana aikin cincin na wani biki. Robar tsamiya tana kan silba, kaskon mai yana hucewa a kan giranit, Yaya tana tsaye a ƙurya tana murza kwaɓi kafaɗunta a sake. Tsohon zagayen nan yana jikin fallen mabul ɗin, mun juya shi ya koma ta bango, a kansa take ajiye gwangwanin fulawa.